Ƙwarina Sun Juya Mini Baya

Litinin, da hantsi

Yau ma sun ƙi. Na ɗauko faɗa-wutan nan mata, ɗaya bayan ɗaya, na saka su a bakin Mararraba, bututun gilashinmu mai reshe biyu. Reshen hagu iska ce zalla, reshen dama yana ɗauke da ƙanshin da na haɗa, wanda ya kamata ya ja su kamar furen wake. A da ko numfashi ba na gama saukewa sun bi dama. Yanzu wata ta lafe a gindin gilashi kamar an yi mata tsawa, wata ta bi hagu, wata ta tsaya tana goge ƙahonninta da ƙafa, ba ruwanta da ni.

Farfesa, shugaban sashenmu, ya leƙo, bai ma shigo ba. Ya ce, "Malama, ƙarshen wata fa. In ba su sake bin ƙanshin nan a gabana ba, ba zan sa hannu a kai tarko gonakin mutane da daminar bana ba. Masu aikin masara ma sun matsa mini a kan ɗakin nan."

Na ce, "Za su bi, ranka ya daɗe."

Shekarun da na kashe a kan ƙwaron nan ke nan za a naɗe a jefa a kwana. Kuma ni na san aikina ba ya lalacewa haka kawai. Kafin in tafi hutun nan komai lafiya lau yake. Akwai hannu a ciki.

Talata, bayan azahar

Na tsaya a ƙofa da safe kamar kullum. Dokar ɗakin nan ni na kafa ta: ba turare, ba sabulu mai ƙanshi, ba man shafawa, kuma ba mai shiga sai ya tsaya na shinshina shi. Shi ya sa suke ce mini Hanci a bayan idona, suna tsammanin ban sani ba. Farfesa da kansa na taɓa mayar da shi ya sake riga, ranar da ya zo daga ɗaurin aure yana ta tashin ƙanshi.

Yau kowa fes. Jiya ma fes. Tun da na dawo ban kama ko mutum ɗaya ba, har mai goge ƙasa da take wanka da sabulun lemo. Mutanen da na sani sarai ba su shiryu a rana ɗaya ba. Sun dai koyi yadda za su ɓoye mini.

Na shiga na tarar da sabuwar farar rigar aiki a kan kujerata, a cikin ledarta. Dogo ne ya ajiye, abokin aikina mai kiwon ƙwarin. Wai ya ga tawa ta tsufa. Yaushe Dogo ya fara kula da tsufan rigata? Mutumin da zai yi mako da takalmi wari-wari bai lura ba. Na tura ta cikin durowa. Na sa tawa a kan rigar sanyin Baba, don na'urar sanyaya ɗakin nan ba ta da imani.

Can kuma sai ga shi yana sosa ƙeya. "Malama, da kin huta, ki bar ni in riƙa saka miki ƙwarin. Ke ki zauna waje ki rubuta sakamako."

In zauna waje. A ɗakina.

Laraba, da yamma

Sun ƙi. Dogo ya ƙara ƙarfin fankar da ke zuƙe iska ba tare da ya tambaye ni ba.

Alhamis, bayan magariba

Auta ce ta yi girki. Ƙanwar nan tawa hannunta ya mutu kwanan nan, shinkafa da miya sai ka ce kana tauna takarda. Na ƙara gishiri, na ƙara barkono, tana kallona ta gefen ido. Shayin ma ruwan zafi ne kawai da launi.

Wani sabon hali kuma ta tsiro da shi. Da na shigo gida sai ta rungume ni, ta cusa fuskarta a kafaɗata ta ƙi saki. Auta, wadda ko hannunta ka riƙe a titi sai ta fizge. Yau har na ji danshi a wuyana. Na ce, "Ke lafiya?" Ta ce, "Ba komai, Yaya." Wani abu take so, za ta faɗa ne a hankali. Ina jin ɗakin Baba na kusa da tsakar gida take hari, don ya fi nata girma.

Ɗakin yana nan a rufe. Na wuce ta ƙofarsa na tuna ranar da Baba ya ce in bayyana masa aikina da Hausa, ba da yaren 'yan boko ba. Na ce masa ƙwaron nan da ƙahonninsa yake jin ƙanshi. A jikin ƙahon akwai gashi ƙanana masu huji, cikinsu ruwa ne. Shi kuwa ƙanshin fure kamar mai yake, ba ya ratsa ruwa da kansa. To akwai wani sinadari da ake kira furotin a cikin ruwan, yana da ɗan aljihu, shi ke ɗaukar ƙanshin ya haye da shi zuwa jijiya. Nan take uwar ta san ga wake can, ta je ta zuba ƙwai, tsutsa ta fito ta cinye furen da kwanson. Mu mun gano furotin ɗin, mun haɗa ƙanshin da ya fi furen dacewa da aljihunsa. A zuba a tarko a gefen gona, iyayen su bar wake su faɗa tarko, manomi ya huta da feshin guba.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe mai fito ne! To ke kuma kin zama 'yar damfara, kina ba mai fito fasinjan ƙarya." Da na gama shafa masa man zafi a ƙirji sai ya ƙara da cewa, "In kuma wani ƙato ya riga shiga jirgin fa?" Na ce sai fasinjan gaskiya ya rasa wuri, ƙwaro ya rikice. Tun daga ranar ko a wurin aiki mai fito nake ce wa furotin ɗin.

Asabar, da rana

Mai kayan yaji na bakin kasuwa ya cuce ni. Citta da kanumfarin da ya ba ni tsofaffi ne, na murza a tafin hannu, kamar ƙasa. Na mayar masa, ya rantse sababbi ne, har ya miƙa wa wata mata ta shinshina ta yi atishawa. Bakinsu ɗaya.

Gwaggo ta zo, ta ce lokaci ya yi da za a buɗe akwatin Baba a raba kayan ga mabukata. Na ce su raba. Abin da nake so na riga na ɗauka tun makon farko da rasuwarsa, rigar sanyin nan mai ruwan toka da gwiwar hannunta ta sha ɗinki. Ban wanke ta ba, kuma ba zan wanke ba. Na san a akwati mai kafur ta zauna, shi ya sa kafin in fara sa ta zuwa aiki na shanya ta yini guda a rana, na shinshina ta ciki da waje. Babu komai a jikinta. Ai ni ba yarinya ba ce a wannan aiki.

Litinin, da safe

Na kama su.

Na buɗe kwalbar ƙanshina, na kawo ta kusa da hanci. Wannan haɗin ko a cikin barci na san shi, ɗanye-ɗanye kamar an karya koren ganye, da ɗan zaƙi a ƙarshe. Yau babu. Ruwa ne zalla. An zubar da nawa an cika da wani abu, an mayar da murfin har da takardar da na liƙa da rubutuna.

Na buɗe firij na ɗauko manyan kwalaben da muke haɗawa daga cikinsu, na bi su ɗaya-ɗaya. Duk an taɓa su. Wanda ya yi wannan ba ƙaramin shiri ya yi ba. Makullin firij kuwa ni da Dogo kaɗai muke da shi.

Ban nuna masa na gane ba. Na gaishe shi, na tambayi iyalinsa. Ya amsa yana tsaye can nesa, kusa da fanka.

Talata, bayan la'asar

Da safe na je ofishin da ake karɓar takardun Baba, layi ya cinye mini rabin yini. Ina dawowa Dogo ya tare ni a baranda, baki har kunne.

"Malama, albishirinki! Na gwada da ba kya nan. Sun bi dama kamar ana kiransu da suna. Haɗinki lafiya lau yake wallahi."

Na ce, "Da wace kwalbar?"

"Da taki mana, ta kan tebur."

Na ce ya sake a gabana. Muka shiga, na tsaya a kansa ina kallon hannunsa. Ta farko ta lafe. Ta biyu ta bi hagu. Ya kalli rigata, ya kalli ƙasa, ya buɗe baki ya rufe.

To ga shi a fili. In ina nan ba ya aiki, in ba na nan yana yi. Yana da kwalbar gaskiya a ɓoye, yana fito da ita in na ba da baya. Ƙarshen wata ya zo a ce a hannun Hanci abu ya mutu, a hannun Dogo ya tashi. Yaron da ni na koya masa yadda ake riƙe ƙwaro ba a karya masa fiffike ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Laraba, da magariba

Tukunya ta ƙone ina zaune kusa da ita. Auta ta fito daga wanka da kumfa a kai tana ihu, "Yaya, ba ki ji ƙauri ba? Har maƙwabta sun ji!" Na ce tunani nake yi.

Alhamis, da hantsi

Na je na sami Farfesa. Na faɗa masa komai, kwalbar, firij, makulli, sabuwar rigar, har fankar. Na ambaci sunan Dogo da bakina.

Ya daɗe yana juya biro. Ya tashi ya buɗe taga, alhali na'urar sanyi tana aiki. Sannan ya ce, "Malama, yaya murar nan da kika kwaso a asibiti wajen jinya? Ta sake ki gaba ɗaya?"

"Tuni, ranka ya daɗe. Ba maganar mura na zo yi ba."

"Haka ne. Haka ne." Ya murza hancinsa. "Ni dai da kin ƙara hutawa. Abin da ya same ku ba ƙarami ba ne."

Kowa hutu, hutu. So suke in kwanta a gida su raba aikina kamar kayan akwati. Na ce zargi na kawo, a bincika. Ya ce to, ranar Litinin ni da Dogo mu yi gwajin a gabansa da kwalba ɗaya, wanda aka samu da laifi ya bar ɗakin. Da na miƙe ya ce, "Malama…" Na juyo. Ya ce, "A'a, shi ke nan, ki gaida gida."

Ko shi ma an saye shi ne, Allah masani.

Juma'a, da yamma

Dogo ya ji. Bai yi fushi ba, wannan ma abin lura ne, mai gaskiya ai da ya tayar da jijiyar wuya. Ya same ni ina wanke gilasai, ya ce, "Malama, don girman Allah ki ba ni minti ɗaya. Rigar nan da kike sawa a ciki…"

Na ce, "Rigar ubana ce. Ta yi maka tsufa ita ma? Ka sayo mini sabuwa a leda?"

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Ya fita, idonsa ya yi ja.

Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yau ba. Ya taɓa aikina, yanzu kuma ya kai hannu inda bai kamata ba.

Lahadi, da safe

An yi ruwan farko da asuba. Auta ta buɗe ƙofa ta tsaya tana jan numfashi, ta ce, "Kai, Yaya, ƙanshin ƙasa!" Na ce eh.

Manoma za su fara shuka. Gobe Litinin.

Litinin, bayan azahar

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

Na kwana da kwalbar a jakata, sabon haɗi da na auna da sikeli, ba wanda ya taɓa. Na tsaya a ƙofa na shinshina Farfesa, na shinshina Dogo, na ce su wuce. Ni na fara. Ƙwarina suka yi abin da suka saba yi mini, wannan ta lafe, waccan ta yi hagu. Dogo ya karɓa ina tsaye, shi ma haka. Na ce, "Ka gani, ranka ya daɗe? Ba kwalbarsa ta ɓoye, ba aiki."

Farfesa ya ce, "Malama, ki yi mini alfarma ɗaya. Ki fita ki tsaya bayan ƙofar gilashi. Kina ganin hannunsa, kina ganin kwalbarki."

Na fita don kada a ce na ji tsoro. Suka bar fanka ta ja iskar ɗakin na wani lokaci, suka sa wani bututun da aka gasa a wuta don kashe duk wani wari, suka kawo sababbin ƙwari. Idona bai bar hannun Dogo ba ko ƙiftawa. Kwalbata ya ɗiga. Ta farko ta ɗaga ƙahonninta, ta karkaɗa su, ta miƙe dama ba waiwaye. Ta biyu ta bi ta. Ta uku har da gudu. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, na manta da komai na tura ƙofa na shiga ina cewa kun gani, haɗina ne.

Wadda ke tsakiyar bututu ba ta fasa ba. Amma da na sunkuya na saka ta gaba da hannuna, hannun rigata yana gogar bakin gilashin, sai ta tsaya cak ta fara goge ƙaho.

Sai ƙarar fanka.

Farfesa ya cire tabarau. Ya ce, "Malama, tun daga baranda ake jin man zafi da kafur a jikinki. Tun ranar da kika dawo."

Na ce, "Ba gaskiya ba ne. Na shinshina ta."

Dogo ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mun ɗauka kin sani, Malama. Ke ce mai shinshina mu, wa zai shinshina ki? Da muka gane rigar marigayi ce kuma, sai kowa ya kasa. Na yi ta kewaye-kewaye, na ƙara ɓata lamarin. Ki yafe mini."

Shi ne yake neman gafarata.

Na ɗaga hannun rigar na danna a hancina, a gabansu, na ja iska har ƙirjina ya yi zafi. Ulu ne kawai, mai kaushi.

Litinin, da magariba

Ba na jin ƙanshi. Ba na jin wari. Tun asibiti. Ga shi na rubuta.

Laraba, da yamma

Jiya na je wurin Farfesa na janye maganata, na kuma sami Dogo a gaban kowa na ba shi haƙuri, tunda a gaban mutane na ɓata shi. Ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake, "Haba Malama, haba Malama." Na fito da rigar ledar daga durowa na sa. Ta yi mini yawa, a tsawonsa ya auna.

Yau na yi gwajin da hannuna, ba rigar Baba, haƙorana suna kaɗawa don sanyi. Sun bi dama. Farfesa ya sa hannu, tarkuna za su tafi gona mako mai zuwa. Na zaci zan yi tsalle ranar da hakan ta faru.

Dogo ne ke tsayawa a ƙofa yanzu. Da safe na tsaya a gabansa na ɗaga hannuwa, ya sunkuyo da kunya ya shinshina, ya ce in wuce.

Likita ta ce jin ƙanshin wani yana dawowa, na wani ba ya dawowa, sai a jira.

Alhamis, bayan magariba

Na tambayi Auta me ya sa take rungume ni. Ta fashe da kuka. Ta ce, "Yaya, in kin shigo kamar shi ne ya shigo." Na miƙa mata rigar na ce ta faɗa mini abin da take ji. Ta cusa fuska ta ce man zafi, kafur, da wani abu a wuyan rigar da ba ta san sunansa ba, Baba ne dai kawai. Ta ce ya fara raguwa.

Makonni ina yawo da shi a jikina, kowa yana jinsa, har mai kayan yaji.

Na bar mata rigar. Ita ce mai hancin. Na dai yanke ɗan zare daga cikin wuyan.

Juma'a, bayan la'asar

An tashi aiki. Na ɗauko tsohon bututun da muka daina amfani da shi, na kai shi ɗakin ajiya don kada in ɓata iskar ɗakin gwaji. Na saka zaren a reshen dama, na kunna iska, na ɗauko uwa ɗaya mai ƙarfi na sa a baki.

Ta taka kaɗan. Ta ɗaga ƙahonninta biyu sama, ta karkaɗa. Sai ta tsaya, ta juya da sauri ta dawo.

Dogo ya leƙo da jakarsa a kafaɗa, ya kalla, idonsa ya yi haske. "Malama, kin san wannan ma sakamako ne? In mun gano abin da ke cika aljihun mai fito haka, ai mun sami maganin kora, ba na jawowa kaɗai ba."

Na ce, "Na sani. Ba yau ba."

Ya gane, ya ja mini ƙofar.

Na mayar da ita bakin bututun. Ta ɗaga ƙaho, ta ji ƙanshin Baba, ta juyo. Na sake mayar da ita.

Yana nan tukuna.